Kundin Horon Barga da Ruga a Birnin Kebbi

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau muka soma. Matasa shida ne suka hallara, maza huɗu da mata biyu, dukansu sun kammala sakandare kuma suna da burin karatun likitan dabbobi, biyar a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ɗaya kuma ya ƙwallafa ransa a kan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Karatun shekara shida ne, kuma ɗalibi yakan cinye shekarun farko tsakanin aji da ɗakin gwaje-gwaje kafin a sakar masa dabba mai rai, shi ya sa ake samun wanda ya haddace sunan kowane ƙashi a jikin doki amma da ingarma ya yi haniniya sai ya nemi ƙofa. Ina so su saba da jikin dabba tun yanzu, wanda kuma aikin bai dace da shi ba gara ya gane kafin mahaifinsa ya sayar da buhunan shinkafa a kansa.

Wani aminina ya ba mu aron bargarsa mai dawaki biyar, ingarmu huɗu da goɗiya ɗaya, tare da dattijon da ke kula da su, wanda kowa ke kira Baba. Wani Arɗo da rugarsa ke hanyar Kalgo ya yarda mu riƙa zuwa garkensa. Sharaɗi ɗaya na gindaya: babu wanda zai taɓa sirinji sai bayan mako goma. Fuskoki sun canza, domin a tunaninsu allura ita ce likitanci.

Darasin yau shi ne yadda ake tunkarar doki. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi in ban da wuri biyu, wato daidai gaban goshinsa da daidai bayan wutsiyarsa, kuma duk wanda ya ɓullo masa ta nan ya sayi hauri da kuɗinsa. Ta kafaɗar hagu ake zuwa, ana yi masa magana, a dafa wuyansa kafin a kai hannu ga kai. Baba ya zauna bisa turmi yana kallonsu, can ya ce mini, "Likita, yaran ga naka sun cika sauri. Doki ba a yi mai ba-zata."

Asabar, 9 ga Nuwamba

Sanya ragama, ɗaure doki a turke da ƙullin da ake iya warwarewa da fizga ɗaya, da ɗaga ƙafa don duba kofato. Ingarman da ake kira akawal ya taka mai son Zariya a yatsa saboda ya zo da silifa. Ƙashi bai taɓu ba. Daga yau wanda bai sa rufaffen takalmi ba zai tsaya bakin ƙofa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mako biyu ke nan muna kan abu guda, wato sanin yadda lafiyayyen doki yake, domin wanda bai san lafiya ba ba shi da hanyar gane ciwo. Zafin jikin babban doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, ana aunawa ta dubura, mai awo ya tsaya gefen cinya manne da jikin dokin, ba bayansa ba. Zuciyarsa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya, numfashinsa kuma sau 8 zuwa 16. Ana jin bugun a bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu da abin sauraron ƙirji, ko kuma da yatsu a jijiyar da ke ratsa ƙasan muƙamuƙi. Na fi matsa musu a kan yatsun, domin ranar da za a kira mutum tsakar dare ba lallai jakarsa tana kusa ba.

Bayan lambobi sai abin da ido da hannu ke gani. A ɗaga leɓe a duba dasashi: ya kamata ya zama mai ja-ja da danshi, idan aka danna shi da yatsa ya yi fari, launin ya dawo kafin daƙiƙa biyu. A tsunkuli fatar wuya a saki, idan ta tsaya a tsaye to ruwan jiki ya yi ƙasa. A kara kunne a kwiɓi, sama da ƙasa, hagu da dama, a ji ƙugin hanji. A duba kashi, yawansa da laushinsa, a tambayi Baba bokiti nawa aka sha.

Na raba musu dawakin, kowa da nasa, mutum biyu suka haɗu a kan goɗiyar, kuma kowa ya buɗe littafin rubutu da zai riƙa cikawa sau uku a mako. Wasu sun ɗauki abin a matsayin wahalar banza, tunda dawakin lafiya ƙalau suke. Ƙaramar cikinsu, wadda aka ba ingarman da ake kira kili, ita kaɗai ce ta zana jadawali da rula.

Asabar, 7 ga Disamba

Ranar farko a ruga. An gama yankan shinkafar damina, shanu sun fara gangarawa fadama suna kiwo a tattaka. Garken Arɗo gauraye ne: farfarun Bunaji masu dogon ƙaho, jajayen Rahaji da ba su yarda da baƙo, da 'yan Bokoloji masu gajeren ƙaho da faɗin leɓɓa. Nan ɗan Bunzan da ke cikin matasan, wanda ya tashi da shanun huɗa a gidansu, ya zama malamin sauran. Shi ya nuna musu yadda ake kama hanci da ƙaho a lanƙwasa wuya, yaran Arɗo kuma suka nuna yadda ake kayar da sa da igiya. Abin da na ƙara kawai shi ne dalilin da ya sa ake so ɓangaren hagu ya kasance sama, kuma ba a daɗe da dabbar a kwance: tumbi a hagu yake, iska tana taruwa a cikinsa ba fashi, idan ta rasa hanyar fita da gyatsa ciki zai kumbura ya danne huhu.

Zafin jikin saniya ya ɗara na doki, daga 38 zuwa 39 da 'yan kai, zuciyarta kuma ta fi sauri, wajen 60 zuwa 80. Kowa ya dunƙule hannu ya tura a ramin kwiɓin hagu ya jira ya ji tumbi ya taso ya koma, abin da yake yi sau ɗaya ko biyu a minti idan saniya na cikin ƙoshin lafiya.

Na sa su rubuta sunayen cututtuka daga bakin Arɗo kafin su ji na littafi: sammore, da tsando ke kawowa, boru, mai fasa baki da kofato, kirci, mai ɓawo a fata lokacin damina, harbin daji, mai kumbura cinyar ƙosasshen maraƙi ya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu, bakkale, hanta, huhu. Likitan da ya zo ruga da sunayen Turanci kaɗai, gaisuwa ce kawai za ta haɗa shi da makiyayi. Arɗo ya nuna wata karsana ya ce hanta ke damunta, alhali bai taɓa ta ba. Muka duba, ga rama, ga kumburin ruwa ƙarƙashin haɓa, ga cikin fatar ido fari fat. Na ɗebi kashinta don dubawa a madubin likita, amma ban yi musu da shi ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Mahauta, bayan sallar asuba. Gani ya kori ji: duk abin da muka shafe mako bakwai muna lalube daga waje, yau ga shi a buɗe. Sun ga ɗakuna huɗu na cikin saniya, sun ɗaga tumbi sun ji nauyinsa, kuma a cikin wani aka ciro dunƙulen leda da igiya wanda sai da hannu biyu aka ɗauke shi. Saniyar gari ce mai kiwo a juji, kuma mai ita ya sha saya mata maganin tsutsa yana mamakin ramar da take yi.

A hanta uku muka samu tsutsar hanta, faffaɗa kamar ganye, magudanan ɗaci sun yi kauri sun yi fari har wuƙa na ƙara idan ta ratsa su. Na bayyana musu zagayen rayuwarta: ƙwai ya fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin ƙaramin dodon koɗi, ya fito ya manne a ciyawar bakin ruwa, saniya ta ci. A ƙasa irin tamu, inda fadamar Gulbin Kebbi ce madogarar kiwon rani, ba za a ce wa makiyayi ya guji ruwa ba, sai dai a tsara masa lokacin ba da magani. Mun kuma ga huhu ɗaya da ya manne da haƙarƙari, ya taurare, da aka yanka shi sai ga zane-zane a ciki kamar dutsen ado.

Abin da ya fi taɓa su shi ne 'yan tayi biyu da aka ciro daga shanun da aka yanka da ciki. Ɗaya daga cikin mazan ya fita waje bai dawo ba.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Mun koma biyar. Wanda ya fita daga mahauta ya zo gida ya same ni, ya ce, "Malam, na duba na ga ba zan iya ba." Na gode masa, kuma har zuciyata nake ganin horon ya yi masa amfani daidai da sauran.

Mako goma sun cika, amma kafin sirinji sai da tef ɗin tela ya fito. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ya san kima, sai dai a wajen magani na sha ganin ido ya yi ƙarya. Na sa kowa ya yi kirdadon nauyin akawal, amsoshi suka tashi daga kilo 200 zuwa 500. Sannan muka auna: zagayen ƙirji santimita 160, tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu 150. Ana ninka zagayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,900, abin ya ba da kusan kilo 323. Da a ce an bi kirdado, da wani ya ba shi kaso biyu cikin uku na maganin da yake bukata, wani kuma ya zarce da rabi.

Daga nan muka yi lissafi a takarda. Oksitetarasaikilin mai daɗewa a jiki, wanda kowa ke kira LA, mililita ɗaya ne ga kowane kilo 10, ke nan sa mai kilo 300 yana bukatar mililita 30, a raba a wurare daban-daban. Wanda ya saya a kasuwa ya ɗirka masa mililita 10 bai warkar da shi ba, ya dai koya wa ƙwayar cuta jure magani. Haka ake yi wa Berenil, maganin sammore, a dama ƙunshin saniya ɗaya a raba wa biyu, a dawo ana cewa maganin zamani ya lalace. Na daɗe a kan zailazin, maganin da ke kwantar da dabba, domin shanu sun fi dawaki jin sa kusan ninki goma, kuma wanda ya ɗauki adadin doki ya ba saniya ya gama da ita. A lissafin farko 'yar Jega ta ajiye ɗigo a gurbin da ba nasa ba, amsarta ta ninka goma daidai. Na bar ta ta gano da kanta, ta ɗauki kusan minti biyar, da ta gano kuwa sai ta ajiye biro ta yi shiru.

Allurar farko a jikin lemo aka yi ta. Ta biyu ruwan bitamin ne a naman wuyan goɗiya, hannuna bisa hannun mai yi.

Laraba, 22 ga Janairu

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare Baba ya kira: kili ya ƙi cin abinci, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana neman kwanciya ya yi birgima. Na ɗauko maza biyu da ke kusa da ni. Mun tarar Baba ya riga ya jiƙa kanwa, ya cika kwalba da man gyaɗa, yana jiran wanda zai ɗaga masa kan dokin. Na ce, "Baba, a yi haƙuri a ajiye kwalbar tukuna." Bai ji daɗi ba, kuma ina fahimtarsa, tunda ya girme ni a barga da shekaru masu yawa. Amma idan aka ɗaga kai aka ɗura masa man, yana iya bin maƙogwaro zuwa huhu, ciwon da zai biyo baya kuwa ya fi na cikin muni.

Yaran suka yi awo, ni ina tsaye. Zafi 38.1, bugun zuciya 56, dasashi ya ɗan bushe amma launinsa bai ɓaci ba, ƙugin hanji ya ragu sosai a hagu. Na tambaye su me ya sa ciwon ciki ke kashe doki alhali mutum ko kare kan tashi. Ɗan Bunza ya tuna: doki ba ya amai, ƙofar cikinsa shiga kawai take bari, idan abu ya taru babu mafita ciki na iya fashewa. Saboda haka na zura roba ta hanci har cikin ciki, na fara tabbatar babu ruwan da ya taru yana neman dawowa, sannan na tura ruwa mai ɗumi da man farafin na magani. Na yi masa allurar rage zafi ta jijiyar wuya. Da na sa hannu ta dubura na ji babban hanji ya cushe da busasshen abinci.

Sauran aikin haƙuri ne. Aka kwashe harawar da ke gabansa, yaran suka riƙa zagayawa da shi a hankali, suna ƙirga bugun zuciya duk rabin awa suna rubutawa: 56, 52, 52, 48. Na gaya musu tun farko cewa idan ya haura 60 ya ci gaba da hawa, ko dasashi ya rine, to magana ta canza, kuma a barga irin tamu babu zancen tiyata. Ana kiran assalatu ya yi kashi, busasshe, ƙanana, lulluɓe da majina. Ban taɓa ganin matasa sun yi murna da kashin doki haka ba.

Dalilin bai ɓuya ba. Hunturu ne, ruwan da ya kwana a randa sanyi gare shi, doki ya rage sha, ga busasshiyar harawa da dusa. Dokin da ya kamata ya sha lita 20 zuwa 30 a yini bai kai rabi ba. Abin da ya dame ni na same shi da safe, lokacin da mai kili ta zo da littafinta. Ranar Asabar ta rubuta cewa ya bar rabin bokiti, ranar Litinin ta rubuta cewa kashinsa ya ragu kuma ya yi tauri. Ta miƙo mini littafin ranar Litinin ɗin, na sa hannu ban karanta ba, ina sauri. Na faɗa musu haka a gaban Baba. Yanzu ana sirka ruwan safe da na zafi, ana jiƙa dusa, ana sa ɗan gishiri, kuma ina karanta kowane shafi kafin in sa hannu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Rigakafin huhu ga shanu, da na cutar mura da zawo ta awaki da tumaki wadda ake rubutawa PPR. Dukansu daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom suke, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924. Aikin yaran shi ne akwatin ƙanƙara, kamun dabba da rubutu. Rigakafin huhu mai rai ne, rana na kashe shi, kuma da zarar an dama shi dole a gama da shi cikin ɗan lokaci, don haka ba a buɗe kwalba sai an tara shanun da za su shanye ta.

Arɗo ya ba su labarin bushiya, annobar shanu ta farkon shekarun 1980, yadda garkuna suka ƙare cikin makonni. Da na ce an sanar da kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011, kuma ana harin yi wa PPR haka nan da 2030, sai ya ce to ai shi ya sa ya tara mana shanun. Bai tara duka ba. Makiyayi ba ya son a ƙirga masa dukiya, tsoron jangali bai gama fita daga zukata ba, kuma na hana yaran nuna saniya da yatsa suna ƙirge da ƙarfi.

Matan biyu sun shiga inda ni ban isa ba. Awaki da tumaki da nono a hannun matan ruga suke, kuma a bakinsu aka ji cewa shanu biyu sun yi ɓari a watan jiya, maganar da babu namijin da ya ɗaga.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Saboda wancan labari muka ba da yau ga bakkale. Alamarta ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mabiyiya ta ƙi faɗuwa, wani lokaci gwiwa ta tara ruwa, kuma tana kama mutum ta ɗanyen nono ko taɓa ɗan tayi da hannu tsirara. Na ɗebi jinin shanun biyu don gwaji. Kowa ya sa doguwar safar hannu har kafaɗa ya lalubi mahaifar saniya ta dubura. Saniya na ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, kuma mun zaɓi masu wata huɗu zuwa biyar don a samu abin ji. Biyu sun ji, uku sun ce ɗumi kawai suka ji. Haka kowa ke farawa.

Na ƙara da doka guda a kan cutar saifa, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a Yulin 2023: dabbar da ta faɗi matacciya farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko dubura bai daskare ba, ba a feɗe ta, ba a cin namanta, hukuma ake kira.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya sa mun mayar da aiki daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara. Sallah saura mako biyu, hankalin barga duk ya koma kan hawa, an ƙara wa dawaki gero, an fito da sirdi da jalala ana shanyawa. Na roƙi a riƙa ƙara hatsin kaɗan-kaɗan, domin dokin da aka cika wa gero rana ɗaya yana iya samun ciwon ciki ko zafin kofato.

Mun duba baki. Haƙoran gaba na dindindin suna fitowa bi da bi, na tsakiya a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, kuma da wannan 'yar Jega ta gano cewa ingarman da aka sayar wa aminina a matsayin ɗan shekara shida bai cika huɗu ba. Muƙamuƙin doki na sama ya fi na ƙasa faɗi, don haka turamen haƙora kan yi kaifi a gefe su yanki kumatu, doki ya riƙa zubar da abinci yana tauna. Na goge na akawal da magagari, kowa ya sa hannu ya ji bambancin kafin da bayan. A biyu daga cikin ingarmun mun ga tsohon tabon linzami a dasashi da harshe, abin da na fi ɗora wa hannun mahayi fiye da ƙarfen. Dawakin duka biyar sun karɓi rigakafin ciwon sandarewa, wanda ƙusa ɗaya a kofato ta isa ta jawo shi.

Sakamakon jinin ruga bai dawo ba. Yaran za su rage zuwa daga mako mai zuwa saboda jarrabawar JAMB da ke tafe a ƙarshen Afrilu, na ce kimiyyar sinadarai ta fi barga bukatarsu a yanzu.

Saura maganar kili. Sirdin da aka gwada masa ranar Laraba ya goge masa doron kafaɗa, gyambon ya kai faɗin tafin hannun yaro. Aminina yana so a hau shi ranar Sallah domin shi ne adon bargar, Baba ya ce a ninka jalala a rufe, ni kuwa na ce a bar shi a turke. Ba mu daidaita ba. Mai kili ta auna gyambon da rula, santimita 6 da 4, za ta riƙa wankewa safe da yamma tana rubutawa, ranar 22 ga wata mu sake zama da littafinta a gaba.